Jinyar Toka da Kyautar Anti Larai

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Asabar, ina zaune a ƙasa ina gyara babi na biyu na kundin digirina, na lura Toka ya sake shiga robar yashinsa ya fito bai yi komai ba. Na riƙe lokacin ne domin a daidai nan na ɗaga kai na dubi agogo, ina tunanin ko zan ƙarasa shafin kafin in tashi in yi la'asar. Ya tsuguna, ya yi nishi, ya saki wani siririn kuka da ban taɓa jin ya yi ba, sannan ya je ya kwanta a kan tayil ɗin banɗaki yana lasar ƙasansa. Na tona yashin da cokalinsa. A bushe yake.

Toka muzuru ne, launin jikinsa ne ya ba shi sunan. Yau ba ya hannuna. Na zauna rubuta yadda aka yi ne saboda na san akwai 'yan uwanmu a nan Dubai masu ajiye mage a ɗaki, ɗalibai irina da ma'aikata, kuma yawancinmu tarbiyya ɗaya aka yi mana. Ciwon dai daga Allah ne. Amma abin da ya raba ni da shi, da hannuna na rene shi sama da shekara ina ɗauka ladabi ne.

Asalinsa na Anti Larai ne, aminiyar Ummana tun suna 'yan mata a Kano. Da na zo karatu, a hannunta Umma ta damƙa ni. Tana aiki a wani ofishin jigilar kaya a unguwar Al Khabaisi, kuma a filat ɗinta na yi shekara guda ba ta karɓi ko dirhami ɗaya a hannuna ba. Wannan gaskiya ne, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba bai goge shi ba. A wata gona a Hatta ta tsinto Toka ranar da suka je shan iska da mutanen ofishinsu, yana ɗan ƙarami a cikin kwalin tumatir. Ta yi masa komai: allurai, fiɗiya, rajista, da ɗan cif ɗin nan mai kamar ƙwayar shinkafa da ake dasawa a ƙarƙashin fatar wuya, wanda in an ɗora na'ura sai sunan mai dabbar ya fito. Har inshora ta yi masa, domin wata abokiyar aikinta ta gaya mata asibitin dabba a garin nan ya fi na mutum tsada.

Da aikinta ya ƙare za ta koma gida, ta ɗauke shi ta ɗora mini a cinya, a tsakiyar akwatunanta.

"Ga shi nan, Hafsa, na bar miki halak malak. Dama ke yake bi, ni abinci kawai yake ci a hannuna."

Na ba ta tukuici da kwalbar turaren da na daɗe ina ɓoyo, ta karɓa tana dariya. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Ta ce inshora kuwa a katinta ake cirewa, in riƙa tura mata dirhami ɗari da ashirin duk wata, shi ke nan. Ban taɓa tsallake wata ba, kuma duk rasit ɗin turawar na adana.

Ba wai tunanin canja suna bai zo mini ba. Ya zo, tun kafin ta tafi. Na haɗa maganar a raina, na gyara, na sake gyarawa. Amma ta yaya zan dubi matar da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta, ta yi mini kyauta na ba da tukuici, in ce ta sa mini hannu a takarda? Kamar na ce ina tsoron ta dawo ta karɓe ne. Haka in ce ta turo mini shaidar cewa ana biyan inshorar. Ko a mafarki bakina ba zai iya ba. Bayan ta tafi, na koma wani ɗan ɗaki da aka yanka da katako a benen da muke, ni da wasu mata biyu muna haɗa kicin. Ni ba mai yawan magana ba ce. Wani lokaci sai in wuni ban yi Hausa da kowa ba sai Toka. Shi nake karanta wa babi da ƙarfi in ji inda jimla ta karkace.

Da magariba ta yi a Asabar ɗin nan, ya yi amai sau biyu, ya ƙi ko kallon abinci. Na kira Umma. Ta yi dariya tukuna, ta ce yau ga 'yar da ta aika karatu tana jinyar mage, sannan ta ce in jiƙa jar kanwa in ɗura masa, haka ake yi wa akuya in cikinta ya ɗaure. Na kira Yaya Sadiku, ɗan wan Babana, mai sayar da kayan gyaran mota a Ras Al Khor. Ya ce mage ita ke yi wa kanta magani, in sake shi ya ci ciyawa. Na ce ina ciyawa a Al Khabaisi? Ya ce to in kai shi shataletale. Kanwar ban ba shi ba, domin ba ni da ita. Amma na yi abin da ya fi kanwar muni, na ce bari mu ga safiya.

Da safe cikinsa ya yi tauri kamar an cusa masa lemo, in na taɓa ya yi ƙara. Na sa shi a keji, na rufa masa zani, na tari tasi zuwa wani asibitin dabbobi da ke buɗewa ranar hutu. Ba zan faɗi sunansa ba. Wurin ya fi asibitin da aka haife ni tsabta. Mutane zaune a layi da karnuka, wata da zomo a jaka, wani dattijo da aku a kafaɗa. Na takure a kujerar ƙarshe ina janye hijabina daga hancin wani kare.

Matar da ke zaune a kantar karɓar baƙi ta ɗora na'ura a wuyan Toka, ta dubi kwamfuta, ta tambaya ko ni ce Larai. Na ce a'a, 'yarta ce ni, ta bar mini shi. Ta ce ba komai, duk wanda ya sa hannu shi ke biya. Na sa hannu. Ku riƙe wannan.

Likitar wata doguwar mace ce mai saurin magana. Ta matsa cikinsa sau ɗaya ta ce ya toshe. Wasu ƙananan tsakuwoyi kamar rairayi ne suka taru suka rufe hanyar fitsari, mafitsara ta cika, dafin yana komawa jini, ƙoda ta fara wahala. Ta ce muzuru da ke zaune a ɗaki yana cin busasshen abinci sun fi kowa yin wannan. Ta tambayi tun yaushe, na gaya mata har da mintin. Ta dube ni ta saman gilashinta ta faɗi abin da har yau yake kunnena: da na ƙara yini ɗaya, gawa zan kawo mata.

Kuɗin ganin gaggawa dirhami ɗari huɗu da hamsin. Aikin kuma, aka rubuta mini ƙiyasi, tsakanin dubu huɗu zuwa biyar, kuma sai na ajiye dubu uku kafin alƙalami kafin a taɓa shi. Na ce yana da inshora. Matar kantar ta yi murmushin da na zo na sani sosai daga baya, ta ce su ba ruwansu da inshora, in biya, in karɓi takardu, in je kamfanin ya mayar mini. Toka yana cikin keji a ƙafata, ya daina ma kukan. A katina akwai dubu takwas, kuɗin makaranta na zangon ƙarshe da Baba ya turo. Na ce a raina aro ne na mako biyu, inshora za ta cike. Na miƙa katin.

Ina tsaye a baranda ina gaya wa Umma an kwantar da shi, wata mata cikin koren kayan aiki ta tsaya a bayana da bokiti.

"Ke 'yar ina ce? Hausar nan ta Kano ce ko kunnena ne?"

Sunanta Rifkatu, 'yar Kagoro, ita ke riƙe dabbobi in za a yi musu allura, ita ke wanke kejinsu. Ta ce shekarunta a asibitin ba ta taɓa ganin Bahaushiya ta kawo mage ba, sai dai su kawo ta iyayen gidansu. Ta ce, "Kada ki damu, ƙanwata, ɗan naki yana hannuna." Duk abin da na samu na sauƙi a wurin nan, ta hannunta ya zo. Ita ke turo mini hotonsa da safe kafin in tafi makaranta, ita ke ƙara mini 'yan mintoci in lokacin dubiya ya ƙare.

Makon farko ke nan. An sa masa robar fitsari, an aske masa hannu an ɗaura ƙarin ruwa. Fitsarin da ke taruwa a leda ja ne kamar zoɓo, a hankali ya koma ruwan shayi. In na sa yatsa ta ragar keji sai ya goga kansa, da wani abu mai kamar mazurari a wuyansa don kada ya cire robar. Ya kwana uku. Ranar sallama aka miƙo mini lissafi: dubu shida da ɗari takwas da hamsin.

Na zauna na bi shi layi-layi da biro. An caje ni ƙarin kuɗin ranar hutu sau biyu. An yi gwajin jini uku, ɗaya kawai aka gaya mini. Akwai kuɗin kula da dare, dabam da kuɗin kwana. Na roƙi ganin manaja, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Ya saurare ni da ladabi, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙasan takardar da na sa wa hannu, cewa ƙiyasi ba alkawari ba ne. Na ce to zan biya abin da aka ƙiyasta, sauran a bari sai an duba. Ya ce ina da 'yancin yin ƙorafi, amma dabba ba ta fita sai an biya duka, kuma kowane ƙarin kwana ɗari huɗu ne. Wato shi kansa musun da kuɗi ake yinsa. A ƙarshe ya ce don ya ga ni ɗaliba ce ya yafe mini kuɗin mazurarin wuya, dirhami casa'in. Na yi masa godiya. Wannan godiyar har yau tana ci mini rai.

Ragowar kuɗin makarantar ya tafi a magani da abincin gwangwani na musamman. Washegari na kira kamfanin inshora, da lambar da ke cikin wani tsohon saƙo da Anti ta taɓa turo mini. Na karanta lambar rajista, na faɗi sunan Toka. Aka tambayi sunana. Aka ce a yi haƙuri, ba sa magana da kowa sai mai inshorar, ko wanda ta ba izini a rubuce.

Na rubuta wa Anti Larai saƙo. Na gaishe ta, na gaida maigidanta da yara, na tambayi jikin Hajiyarsu, sannan can a ƙasa na ambaci Toka da takardar izinin. Ta dawo mini da saƙon murya mai daɗi. Ta yi wa Toka addu'a, ta ce Allah sarki ɗan Hatta, ta ce suna tsakiyar biki ne a Kaduna, da ta koma za ta duba.

Mako na biyu a ɗaki muka yi shi. Safe da yamma ina daka ƙwaya a cokali, in dama da ruwa, in naɗe shi a tawul in ɗura masa da sirinji ta gefen baki. Ya ƙi abincin gwangwanin sai na ɗumama na lakata masa a yatsa. Yana tafiya mazurarin yana bugun katakon ɗaki, maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ta ce tana aikin dare, a bar ta ta yi barci. Ɗayar kuma ta ce wari ya yi yawa, ta kunna turaren wuta a ƙofata. Ban ga laifinsu ba. Yana ɗigar da fitsari a kan katifa, a kan dardumar salla, har a kan littafin ɗakin karatu da sai da na biya tara. Ban taɓa sanin mutum zai yi murna da jiƙaƙƙen yashi ba sai a makon nan. In na tona na samu curi mai girman ƙwai, sai in ji kamar an ce na ci jarrabawa. Na ɗage haɗuwa da malamin da ke duba kundina, na ce ba ni da lafiya a gida. Ban yi ƙarya ba.

Kullum tsakanin azahar da la'asar ina kan waya da kamfanin, ina sauraron kiɗan jira. Kowane kira sabon mutum, sai na faro labarin daga farko, a ƙare a wuri ɗaya. Na sake tuna wa Anti, ta turo hoton hannu biyu na addu'a. Na roƙi Umma ta yi mata magana. Umma ta ce in ji tsoron Allah, matar da ta ciyar da ni shekara guda zan sa a gaba a kan mage? Ta ce, "Kada ki ɓata mini zumuncin shekara talatin, Hafsa." Ba ta san kuɗin makaranta na taɓa ba. Ban gaya mata ba.

A mako na uku, ranar Alhamis da safe, na tona yashi na same shi a bushe. Wannan karon ban jira komai ba.

Likitar ta ce hanyar ta ƙuntace saboda tabo, in an buɗe za ta sake rufewa. Mafita ita ce tiyata, a faɗaɗa hanyar gaba ɗaya. Dubu tara da ɗari biyar, rabi kafin a fara. Kafin nan ma sai an mayar da roba yau, dubu biyu. Abin da ke katina bai kai ɗari uku ba. Na kira Yaya Sadiku ina kuka, abin da ban taɓa yi a gabansa ba.

Ya zo a motar ɗaukar kayansa, rigarsa duk baƙin mai, ya tsaya a tsakiyar masu karnuka yana kallon silin. Ya biya dubu biyun, ya karɓi rasit ya juya shi gaba da baya.

"Malama 'yar boko, kin san raguna nawa ne wannan a Wudil? Wallahi ko ni na toshe ba za a kashe mini haka ba. Wannan ne na farko kuma na ƙarshe, khalas, an gama."

Ya zage ni son ransa, amma ya biya, kuma har yau bai tambaye ni kuɗinsa ba. Da na gaya masa inda maganar inshora ta tsaya, ya ce in ba shi lambar Anti. Shi ba ya jin nauyin kowa. A gabana ya kira ta, gaisuwa ɗaya ya shiga magana, ya ce yana nan tsaye ba zai kashe waya ba sai ta aika wa kamfanin layi ɗaya. Abin da na yi mako biyu ina kewayawa, kafin ya gama shan shayin injin asibitin an gama.

Da yamma na kira kamfanin, a karon farko aka yarda a yi magana da ni. Matar ta yi ta danne-danne, sannan ta ce inshorar nan ai ta daɗe da mutuwa. Wata biyu bayan tafiyar Anti aka rufe katin da ake cirar kuɗin, suka aika mata saƙo har sau uku ba amsa, suka soke. Na ce ba zai yiwu ba, ina biya duk wata, rasit ɗina suna nan a jere, zan turo yanzu. Ta tambaya wa nake biya. Na faɗa. Ta ce wannan tsakanina da antina ne. Ta ƙara da cewa ko na buɗe sabuwa yau da sunana, ba za ta ɗauki ciwon da ya riga ya fara ba. Ta tambaya ko akwai wani abu da za ta taimaka mini da shi.

Yaya Sadiku ya ce bari ya sake kiran Anti ya tambaye ta ina kuɗin yarinya. Na riƙe masa hannu na ce don Allah ya bari. Har a lokacin, da Toka kwance da roba a jikinsa, abin da nake tsoro shi ne a ce na yi wa babba rashin kunya.

Mako na huɗu likitar ta zaunar da ni ta jera mini abin da ya rage. Ko tiyata, ko in tafi da shi gida in jira ya sake toshewa, ko a yi masa allurar da zai yi barci ba zai farka ba. Ita ma allurar da kuɗinta, ɗari shida da hamsin. Ba ta faɗa da mugunta ba, ta ma dafa kafaɗata. Na je makaranta na nemi a ɗaga mini biyan zango, aka ce za a ɗaga da tara, kuma in na wuce wa'adi bizata tana cikin haɗari, domin makarantar ce ta yi mini. Na zagaya wasu asibitoci biyu da takardunsa, farashin duk kusan ɗaya ne. Na sa kwamfutata a kasuwa, aka taya abin da ko kwatan tiyatar bai kai ba.

Rifkatu ce ta ja ni bayan asibiti, wurin da suke shanya tawul. Ta ce akwai wata ƙungiyar mata masu ceton dabbobi, suna biyan irin wannan tiyata, har da kuɗin kwanan da ya taru, in likita ta ce dabbar za ta rayu. Amma da sharaɗi. Sai an sallama musu dabbar gaba ɗaya, su nema mata wani gida, wani lokaci ma a wata ƙasa. Ba ziyara, ba tambaya.

"Ba zan ce miki ki yi ba. Amma ni nake riƙe su in za a yi musu waccan allurar, kuma ba na so in riƙe wannan."

Na kwana biyu ina juya maganar. Na je dubiya na zauna a ƙasa gaban kejinsa, ya miƙo hannun da aka aske yana taɓa yatsana. Bai kai shekara uku ba. Na ce na yarda.

Matar ƙungiyar ta zo da takardunta, mai kirki ce, har da kawo mini ruwa. Na ɗauki biro. Matar kantar asibitin ta ɗora na'ura a wuyan Toka kamar ranar farko, ta dubi kwamfuta, ta ce a dakata. Ba ni da ikon sallama shi, domin ba ni ce mai shi ba. Sai Larai.

Na ce ai ni na sa hannu a duk takardun asibitin nan. Ta ce wancan na biya ne. Ranar karɓar kuɗi sa hannuna ya isa, ba wanda ya nemi Larai. Ranar da zan yi masa abu na ƙarshe da ya rage a hannuna, aka ce ni baƙuwa ce.

Suka aika wa Anti takardar ta waya. Na zauna ina tunanin wani mako biyun za a yi, ga kuɗin kwana yana hawa. Ko kwatan awa ba a yi ba ta sa hannu ta dawo da ita.

Na zo masa da tsohon ɗankwalina da yake kwana a kai. Rifkatu ta shimfiɗa masa a sabon keji, ta ce in fita tukuna kafin a ɗauke shi, kada ya ga bayana. Na fita. Na taka da ƙafa har tashar jirgin ƙasa na metro da kejinsa na da a hannuna, ba komai a ciki sai zanin da na rufa masa ranar farko.

An yi tiyatar, ta yi kyau. Rifkatu ce ta gaya mini, ko da yake an hana ta. Ta ce ya ci abinci, ya yi fitsari har ya jiƙa mata riga. Bayan nan aka tafi da shi, ita ma ba ta san ina ba. Na rubuta wa ƙungiyar sau ɗaya ina tambayar lafiyarsa kawai, suka amsa da ladabi cewa bayanin dabba sai ga wanda sunansa ke rajista.

Ina gode wa Rifkatu, Allah ya saka mata, ya mayar da ita gida lafiya wurin 'ya'yanta. Ina gode wa Yaya Sadiku da bakinsa. Likitar ta san aikinta, ba don ita ba da Toka ya mutu tun Lahadin farko, kuma asibitin da take aiki ya riƙe mini shi kamar kayan jingina. Matan ƙungiyar sun ceci ransa, sun kuma rufe mini ƙofa. Baba ya ji labarin kuɗin makaranta daga bakina. Bai yi faɗa ba, ya ce zai ga abin da zai yi, kuma na fi son a ce faɗan ya yi. Kundina ya koma zango mai zuwa.

Wanda ke da muzuru, in ka ga yana shiga yashi yana fita ba komai, kada ka jira safiya, kada ka nemi kanwa. In an ba ka dabba kyauta a garin nan, ka ba da tukuici, sannan ku tafi tare a canja sunan da ke wuyanta tun mai kyautar ba ta hau jirgi ba. In kana biyan inshora ta hannun wani, ko uwarka ce, ka nemi ganin takardar da idonka. Nauyin bakin minti biyar ne. Ni na ƙi ɗaukarsa.

Sai da na yi kusan wata guda ina kallon wurin da robar yashinsa take kafin na iya kiran Anti Larai. Ba kuɗin nake so ta dawo da su ba. So nake in ji me ya sa. Na haddace tambayar kamar karatun jarrabawa, don kada in kauce. Ta ɗauka da fara'arta, ta ce 'yar halak, yanzu take zancena. Muka gaisa, na tambayi yara, na tambayi Hajiya. Ta ce ta ji an samar wa ɗan Hatta gida, ai haka ya fi, karatu ya fi mage. Ta ce saƙona na wata-wata yana isowa, tana sa mini albarka, har ta gaya wa Umma ta haifi 'ya mai zumunci.

Na rufe ido na ce, "Anti, kuɗin inshorar Toka ne nake turowa. Sun ce sun aiko miki saƙo tun bara cewa ta mutu. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Na ji tana ce wa wani yaro ya rage ƙarar talabijin. Sannan ta dawo, muryarta ba fushi ba kunya, kamar mai gaya mini farashin tumatir.

"To ai ba ki tambaya ba, Hafsa."